Ɗinkin da Briskila Ta Warware

Akwai wata mata a wani gari da ke gindin duwatsu, inda sanyi yake shiga mutum har ƙashi, sunanta Briskila. Ubangiji ya ba ta hannun ɗinki irin wanda ba a samu a kowane gida. Ba sana'arta ba ce, ba kuma sayarwa take yi ba. So ne kawai ya kama ta tun tana yarinya, bai sake ta ba. Takan bi shagunan teloli ta kwashe ƙyallayen atamfa da suke zubarwa, ta wanke, ta goge, ta yanka su daidai wa daida, ta haɗa su da allura har su zama bargo. Sai ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi a ƙasa, ta bi duka da ɗinki ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. In ka ga bargonta a kan igiyar shanya, dole ka tsaya ka duba. Ba wanda ya taɓa yi mata gardama a kan gwanintarta, ita ma kuwa ta san ta iya, ta kuma san haka fiye da kima.

A ikkilisiyarsu akwai ƙungiyar ɗinki ta zumuntar mata, su ashirin da biyar, Briskila ce shugabarsu. Kowace Alhamis da yamma sukan taru a ɗakin da yara suke karatu ran Lahadi, su ja bencina su kewaye, su yi addu'a, su buɗe kwandunansu. Suna da wata al'ada da suka gada daga iyayensu mata. Duk 'yar'uwar da za ta bar garin ta tafi nesa, sai a yi mata bargon sallama. Kowace mace za ta yanko ƙyalle daga zanenta, wanda aka san ta da shi, ta ɗinka yanki ɗaya mai kusurwa huɗu, wanda suke ce wa gida. Ba a sa keken ɗinki, ba a kuma yi wa wata nata. In gidaje sun cika ashirin da huɗu, sai a ba shugaba ta haɗa su. Dalilin iyayen nan shi ne, wadda ta tafi inda ba ta da kowa, in ta kwanta, hannuwan 'yan'uwanta ne za su rufe ta.

Briskila ta san dalilin nan sarai, tana ma iya faɗarsa da daɗi in an yi baƙi. Amma ranar karɓar gidaje ba ranar dariya ba ce. Takan zauna da igiyar awo a wuya, tabarau a kan hanci, ta karɓi gidan kowace mace, kafin ta duba fuskarsa ta riga ta juya bayansa. A can take neman laifi, a can kuma take samu. In zare ya yi sako-sako, ta yi tsaki. In kusurwa ta kauce, ta ɗaga wa kowa ya gani, ta tambayi mai shi ko da ido a rufe ta yi aikin. Mata da suka haifi 'ya'ya bakwai-bakwai suka aurar, sai ka ga sun yi tsuru-tsuru a gabanta kamar 'yan aji ɗaya. In ta koma gida kuwa, takan ɗan taɓa nan ta taɓa can, ba ta gaya wa kowa. Ita a ganinta rufa musu asiri take yi.

Ana nan sai aka aiki mijin wata 'yar ƙungiyar aikin bishara a wata ƙasa mai nisa, tafiyar kwana uku a mota. Sunan matar Afiniki. Ita ce autar Mama Keziya, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ƙungiyar, wadda kuma ita ce ta fara sa wa Briskila allura a hannu shekaru arba'in da suka wuce. Yanzu idon Mama ya yi hazo, hannunta yana karkarwa ko cokali ta ɗauka. Kowa ya sani, ko da yake ba wanda ya furta, cewa in Afiniki ta hau motar nan, da wuya ita da mahaifiyarta su sāke ganin juna a duniya.

Ranar da aka raba aikin bargon sallamar, Briskila ta matsa kusa da tsohuwar ta ce mata ta huta, ta kawo ƙyallen kawai, za a san yadda za a yi. Mama Keziya ta dube ta ta ce, "Ni na haife ta, Briskila. Kowa ya sa hannu a bargon nan, ni ce zan rasa?"

Ran Briskila ya sosu tun daga ranar.

Tsohuwar ta koma gida ta buɗe akwatinta, ta fito da wani tsohon zane mai shuɗi da ya koɗe, wanda ta goyi Afiniki da shi, ta sa aka yanka mata. Tun da ba ta ganin kafar allura, kowace safiya Afiniki takan zo ta zura mata zare a allurai biyar, ta soke su a jikin matashi, ta tafi harkokin shirin tafiyarta. Mama kuwa sai ta zauna bakin ƙofa inda rana take faɗowa, ta kai ƙyallen dab da fuskarta, ta yi ta fama. Wata rana ta cinye allurai biyar ɗin, wata rana biyu sun ishe ta. Aikin da mace mai lafiya take gamawa a yamma ɗaya, mako shida ya ɗauke ta.

Ranar karɓa ta zo. Mama ce ta ƙarshe da ta miƙa nata, tana murmushi, ta ce, "Na gama. Ban yi tsammani zan gama ba."

Briskila ta juya bayan gidan, sai ta ji wuta ta taso mata daga ciki. Wani ɗinkin ya kai tsawon gaɓar yatsa, wani kuma ya hau kan ɗan'uwansa ya cukurkuɗe. Layi ya fara daidai, ya je tsakiya ya bi wata hanya dabam. Ƙulle-ƙullen zare sun yi girman wake. Gefe ɗaya ya gaza awo da faɗin yatsa biyu, ga ɗigon jini ya bushe a kusurwa inda allura ta soki tsohuwar. Da wata ce ta kawo wannan, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Amma Mama ce, ga mutane, sai Briskila ta haɗiye maganar ta ce mata sannu da ƙoƙari. Ta cusa gidan can ƙarƙashin kwando, fuskar nan a murtuke har aka tashi.

A gida ta shimfiɗa tabarma ta jera gidajen, shida-shida, layi huɗu. Ashirin da uku suka zauna lafiya, kusurwa ta sami kusurwa. Na Mama kuwa, duk inda ta sa shi sai ya ja na kusa da shi ya karkatar. Ta kai shi gefe, ya ɓata baki. Ta kai shi tsakiya, ido ya fara faɗawa kansa. Ta yi tsaki, ta tashi, ta dawo, ta sāke yin tsaki.

Kada wani ya ce ba ta da mafita, domin tana da ita, ta kuma san ta. Duk mai haɗa bargo ta san yadda ake yi da gida mai rauni. Ana shimfiɗa masa wani ƙyalle mai ƙarfi ta ƙasa ya riƙe shi, a ƙara masa siririn baki a gefen da ya gaza har ya cika awo, ɗinkin mai shi yana nan ba a taɓa ba. Aikin yini ɗaya ne. Illarsa ɗaya ce, za a gani. Duk wanda ya duba zai san akwai gida ɗaya da aka tallafa, layin bargon kuma ba zai miƙe ɗoɗar ba yadda Briskila take so. Wannan ne abin da zuciyarta ta ƙi ɗauka.

Kwana uku tana kai da kawowa, fushi yana ƙaruwa. Ta ce a ranta, ai bargon nan wata ƙasa za shi, baƙi ne za su gani, in sun tambaya wa ya haɗa, sunanta za a kira. Ta ce in aka wanke sau biyu auduga za ta fara leƙowa ta manyan ɗinkunan nan, wa za a zaga? Ta ce ta ba tsohuwa shawara da girmamawa ta ƙi ji, taurin kai ne kawai na tsufa. Sai kuma ta tuna tana yarinya, Mama Keziya ta taɓa sa ta warware kalmasar zane har sau uku don ta karkace. Nan ta sami abin da take nema. Ta ce, ai ita ta koya mini ba a barin karkataccen ɗinki, yau kuma don nata ne sai a bari?

A rana ta huɗu da safe, bayan mijinta ya tafi gona, ta ɗora ruwa a murhu, ta ɗauki reza ta zauna. Kafin ruwan ya tafasa ta warware aikin mako shida. Ta wanke ɗigon jinin da ruwan sanyi, ta goge ƙyallayen, ta daidaita su, ta sāke ɗinkawa da hannunta. Rana ba ta kai tsaka ba gidan ya fito tsaf, ya shiga wurinsa kamar can aka halicce shi. Sai fushin ya sauka, ta ji wasai. Har waƙar yabo take rerawa tana haɗa sauran. Ku ji fa, waƙar yabo, a kan abin da ta aikata.

Saura kwana goma tafiyar, Mama Keziya ta je ɗibar ruwa a randa ta faɗi. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, ba a gane abin da take faɗa. Briskila ta dama kunu ta kai mata, ta yi addu'a mai tsawo a bakin gadon. Da ta ga hannun daman nan kwance a kan zane ba ya motsi, wani abu ya ɗan soke ta a zuci. Amma ba ta bar shi ya zauna ba. Kafin ta kai gida ta riga ta gaya wa kanta cewa gara ma da ta gyara, ga shi yanzu aikin Mama na ƙarshe zai fito da kyau, ba wanda zai yi mata dariya.

Ran Lahadin sallama, bayan an tashi sujada, matan zumunta suka tsaya. Aka ɗauko Mama Keziya a kujera aka ajiye ta a gaba. Mata huɗu suka kama kusurwoyin bargon suka shimfiɗa shi a kan bencina, sai ɗakin ya ɗauki guɗa. Gaskiya bargon ya yi kyau, ba a taɓa yin irinsa a garin ba. Kowace mace tana nuna zanenta tana dariya. Matar fasto ta sa yatsa a kan shuɗin nan da ya koɗe, ta ce a zo a ga ikon Allah, tsohuwa mai shekara tamanin, hannu yana rawa, amma layinta ya fi na 'yan mata miƙewa. Briskila tana tsaye a gefe, ta harɗe hannu, tana karɓar yabo da kai.

Afiniki kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta daɗe tana duban gidan. Sa'an nan ta jawo gefen bargon zuwa cinyar mahaifiyarta, ta kama hannun hagun tsohuwar ta ɗora a kai. Yatsun Mama suka bi bakin gidan a hankali, suka kai kusurwa, suka dawo. Suka sāke bi, suna neman wani abu. Da ba su samu ba, tsohuwar ta janye hannunta, ta juya fuskarta wajen bango, hawaye yana bin kuncinta. Guɗar ta mutu.

Afiniki ta miƙe ta ce, "Yaya Briskila, wa ya ɗinka gidan nan?"

Briskila ta ce ai zanen Mama ne, kowa ya gani.

"Zanen na sani, a cikinsa aka goye ni. Ɗinkin nake tambaya. Ni na zura kowace allura da ta shiga ƙyallen nan, mako shida. Wannan ba hannun mahaifiyata ba ne."

Da Briskila ta sunkuyar da kai a lokacin, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma ina, zuciya ta ɗebe ta. Ta ce ƙwarai ita ta gyara, ba ta kuma ga laifinta ba. Ta ce gidan ya gaza awo, ɗinkin ba zai kai wanki biyu ba, da ta bar shi da bargon gaba ɗaya ya lalace. Ta ce shekara goma sha biyar tana ɓata idonta tana rufa wa matan ƙungiyar nan asiri, ba wadda ta taɓa ce mata sannu, yau kuma ita za a tsayar gaban jama'a kamar ɓarauniya. Da matan suka ji zancen rufin asiri, sai suka fara duban juna. Wata ta sunkuya ta ƙura wa nata gidan ido, ta ɗago, ta ɗauki jakarta.

Afiniki ta bari sai da ta gama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ba bargo na rasa ba. Can inda za mu ma ana saƙa bargo. Abin da nake so in tafi da shi, shi kika sa wa reza. To, na ji, an riga an yi. Ki ba ni zaren da kika warware, in ƙulle a bakin zanena."

 Zaren nan kuwa Briskila ta share shi tun ranar da ta warware, ta haɗa da ɓawon gyaɗa da tokar murhu ta kai juji, an kuma ƙone jujin. Da ƙyar ta ce, "Na share."

 Afiniki ta cire gefen bargon daga cinyar mahaifiyarta, ta kira mijinta suka ɗauki kujerar suka fita. Matan suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Briskila da bargonta a shimfiɗe a kan bencina, ita ta naɗe shi ta kai gida.

Kuna tsammani ta tuba a ranar? Ko kusa. Kwana biyu tana huci, tana ba mijinta labarin butulcin mutane, har mutumin ya gaji ya riƙa daɗewa a gona. Sai ran Laraba fushin ya ƙare, ba abin da ya rage mata sai yatsun tsohuwar nan da take ta gani suna lalube a kan ƙyalle. Amma har a lokacin tunanin mai gyara take yi. Ta ce abin da aka warware ai ana iya sāke ɗinka shi. Ta ɗauki rezar ta cire gidan daga bargon, ta farke nata ɗinkin, ta zura allura, ta nufi gidan Mama Keziya da ƙyallayen a hannu.

Ta tarar an ɗaure kaya a tsakar gida, Afiniki tana ba mahaifiyarta abinci a baki. Briskila ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Mama, na yi laifi. Ga shi na kawo. Ko ɗinki uku ne ki yi, ni zan riƙe miki ƙyallen."

Ta sa allurar a hannun dama, ta matse yatsun a kai. Tana saki allurar ta faɗi a tabarma. Ta ɗauka ta sa a hannun hagu. Yatsun suka kama, suka yi rawa, ba su ko kai ga ƙyallen ba allurar ta sāke faɗuwa. Mama Keziya tana kallonta, bakinta yana motsi, ba wanda ya san ko gafara take yi mata ko faɗa. Afiniki ta tsinci allurar don kada wani ya taka, ta miƙa wa Briskila, ta karɓi ƙyallayen zanen goyonta ta sa a jaka. Ta ce mata ta je, Mama ta gaji.

Kashegari motar ta tashi. Mama Keziya ba ta ga kakar shekarar ba. Bargon kuwa yana nan a akwatin zumuntar mata, gidaje ashirin da uku da rami ɗaya, ba wadda ta yarda ta rufa da shi.

To, ga ma'anar wannan misali, ku kasa kunne, domin ba don Briskila aka ba da shi ba, don mu ne da muke zaune a nan. Bargon shi ne aikin da Ubangiji ya ba jama'arsa su yi tare. Gidajen su ne abin da kowannenmu yake kawowa gwargwadon ƙarfinsa. Briskila kuwa ita ce duk wanda Allah ya ba baiwa a cikinmu, ya manta Wanda ya ba shi, har ya fara ganin 'yan'uwansa a matsayin masu ɓata masa aiki. Baiwarta ta gaske ce, kada ku yi kuskure. Ba ta yi ƙarya ba da ta ce gidan ya gaza awo. Mutum yana iya zama da gaskiya a kan awo, ya kuma yi mugunta a rana ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, irin wannan zunubi ba ya kama da zunubi. Mashayi ya san ya sha, ɓarawo ya san ya ɗauka. Amma mai wannan hali yana fitowa daga ɓarnarsa yana rera waƙar yabo, yana cewa kishin gidan Allah ne ya ci shi. Ba kishin gidan Allah ba ne, kishin sunanka ne. Kai shugaban mawaƙa da ka gaya wa dattijon nan ya riƙa motsa baki kawai don muryarsa ta tsufa, wa ya ce maka Ubangiji ya gaji da jin muryar? Shekara hamsin yana jinta bai yi ƙara ba. Ke kuma da kike jira 'yar'uwarki ta gama share majami'a ta tafi, ki ɗauki tsintsiya ki sāke bi, kina tsammani ba ta sani ba? Ta sani. Shi ya sa ta daina zuwa, ku kuma kuka ce ta ja da baya cikin bangaskiya.

Wani zai ce, to, malam, kada a yi gyara ke nan? A yi mana. Mama Keziya ma ta sa Briskila warware kalmasa sau uku. Amma a gaban idonta ta gaya mata, ta zauna kusa da ita, ta kuma bar allurar a hannun yarinyar har ta iya. Wannan shi ne gyara. Abin da ake yi a ɓoye, a kawar da hannun mutum a sa naka, a bar sunansa a kai don a ce an rufa masa asiri, wannan raini ne. Kana gaya masa ne cewa ƙyallensa kake so, shi ba ka bukatarsa.

Ku tuna kuma Ubangiji yana juya bayan aikinmu, mu duka, har da gwanayen cikinmu. Me kuke tsammani yake gani a can? Addu'armu da take farawa daidai ta je tsakiya ta bi kasuwa, sadakarmu mai ƙulle-ƙullen son a gani, alkawaranmu da suka gaza awo. Da reza yake ɗauka, da ba wanda ya rage a cikinmu. Amma shi yakan shimfiɗa alherinsa ta ƙasa ya riƙe abin da ba zai iya riƙe kansa ba, ya cika inda muka gaza, ya bar hannunmu a kan aikin, ba ya kuma jin kunya a ga cewa an tallafe mu. In Mai Tsarki bai ji kunyar karkataccen ɗinkinka ba, kai wane ne da za ka ji kunyar na ɗan'uwanka?

Briskila ta tuba, tubanta kuma na gaske ne, na gaskata Ubangiji ya karɓa. Amma gafara ba ta mayar da zaren da aka ƙone ba, ba ta kuma tā da hannun da ya shanye ba. Afiniki ta tafi ba tare da abin da ta roƙa ba, haka kuma za ta zauna har ƙarshen ranta. Saboda haka kada ku ce sai wani lokaci. Kowannenku ya san wanda ya ture gefe don aiki ya yi kyau, sunansa ya riga ya zo muku a zuci tun ina magana. Ku je wurinsa a makon nan, ku roƙe shi gafara, ku mayar masa da aikinsa, tun hannunsa yana iya riƙe allura.